Ido Ba Mudu Ba Ne, Amma Ya San Kima: Auna Gidan Jinyar Tsofaffi

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya tsaya a bakin titin Kachia a Sabon Tasha, ya san cewa wannan unguwa ita ce ƙofar da mutanen kudancin Jihar Kaduna suke shigowa birni ta cikinta. Motocin Kachia da Zonkwa da Kagoro da Kafanchan ta nan suke ratsawa, suna sauke doya da citta da fasinja. A cikin fasinjan nan kuwa ba a rasa wani dattijo, ko wata gyatuma da aka tallabo daga ƙauye an lulluɓe ta da zane, ɗa yana riƙe da hannu ɗaya, jika yana riƙe da ɗayan. Asibiti za a kai ta, wannan kuwa kowa ya san hanyarsa: ga Babban Asibitin Sabon Tasha, ga na Saint Gerard a Kakuri, ga na Barau Dikko a cikin gari.

Tambayar da ba kowa ne yake da amsarta ba ita ce ta ranar sallama. Likita ya ce hawan jinin ya sauka, babu sauran abin da gadon asibiti zai ƙara mata, a tafi gida a ci gaba da gashi. Alhali kuwa ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, ba ta iya juyawa da kanta, ba ta iya riƙe fitsari, cokali ma sai an kai mata baki. To, wane gida ke nan za a kai ta, kuma hannun wa?

A da can wannan ba tambaya ba ce. Gida babba ne, ga surukai, ga jikoki, ga maƙwabta, in wannan ta tafi gona waccan tana nan. Musulmi da Kirista duka sun tashi ne da karatun cewa hidimar iyaye farilla ce, shi ya sa har gobe idan aka ce wane ya kai mahaifiyarsa gidan gajiyayyu, sai a riƙa nuna shi da baki. Amma zamani ya riga ya raba gidan nan kashi kashi, ba da shawarar kowa ba. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun daga 1927, sa'ad da ya zama mahaɗar hanyoyin dogo na Kaduna da Jos da Inugu. Da reluwe ta durƙushe, sai samarin garin suka bazama neman abinci. Haka nan masaƙun Kakuri, waɗanda suka jawo dubban matasa daga ƙasashen Kataf da Jaba da Kagoro zuwa Kaduna. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe ƙofa a 2002, ma'aikatanta suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, sauran masaƙun kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Saurayin da ya shiga masaƙa a 1975 yana ɗan shekara ashirin, yau ya ba saba'in baya ko yana bakinta. Da yawa daga cikinsu suna nan a Sabon Tasha da Television da Nasarawa, ba su da ƙauyen komawa na a zo a gani, 'ya'yansu kuwa wani yana Abuja, wani yana Legas, wata tana aikin jinya a Ingila tana juya tsofaffin wasu.

Saboda haka babu amfanin a tsaya ana gardamar ko ya dace a biya wani ya kula da tsoho. Ana riga ana biya. Akwai masu aiko da mai jinya gida a biya su a wata, akwai ƙananan asibitocin kuɗi da ke ware ɗaki su ajiye tsoho wata da watanni, akwai majami'u da ƙungiyoyin taimako masu riƙon waɗanda ba su da kowa. Ma'aikaciyar da ke zaune a ɗaki biyu na haya, wadda za ta fita da ƙarfe bakwai ta dawo bayan magariba, ba rashin imani ne ya sa ta nemi irin wannan wuri ba. Abin da ya kamata a taimaka mata da shi shi ne mudun da za ta auna wurin da shi, domin kuwa kuɗinta za ta bayar, ran mahaifiyarta kuma za ta danƙa.

Abin da ke fara ɗaukar idon mai neman wuri shi ne fenti, da tayil, da talabijin a falo, da ma'aikata cikin fararen riguna. Duk waɗannan ana iya tanadarsu cikin mako guda. Hanci ya fi ido gaskiya a nan. Ɗakin da aka share domin baƙo yana ƙamshin turare, amma zarnin da ya kama katifa da labule ba ya ɓoyuwa, kuma ma'anarsa ɗaya ce, watau ana barin mutane cikin fitsarinsu na tsawon lokaci.

Bayan hanci sai bayan tsohon. Wannan shi ne babban mizani, kuma shi ne wanda kunya take hana mutane dubawa. Mutumin da ba ya iya juyawa, nauyin jikinsa yana danne fata a inda ƙashi ya turo, watau kwankwaso da ƙugu da dugadugai da kafaɗu, har jini ya daina ratsa wurin. Cikin 'yan sa'o'i ɓarna take farawa. A jikin baƙin mutum ba ja wurin yake yi sosai ba, duhu yake ƙarawa, ya yi ɗumi ko ya yi tauri, shi ya sa ake makara ba a gane ba. Daga nan sai fata ta saluɓe, gyambo ya buɗe, ya yi ta ci har ya kai ƙashi, in ƙwayoyin cuta suka shiga jini kuwa sai dai wani ikon Allah. Tsofaffi da yawa sun tsira daga shanyewar ɓarin jiki, gyambon kwanciya ya kai su kushewa.

Maganin abin ba mai tsada ba ne. Ƙa'idar da ake koya wa kowace ɗalibar jinya ita ce a juya irin wannan majinyaci kamar kowace awa biyu, dare da rana, a tsane masa jiki, a ɗage dugadugansa daga katifa da matashi. Ba inji ake bukata ba, hannu ake bukata. Wannan ne ya sa likitoci suke ɗaukar gyambon kwanciya a matsayin shaidar da ba ta karɓar toshiyar baki. Idan tsoho ya shiga wuri da fata lafiya lau, bayan wata guda aka sami rami a bayansa, to, bukatar dogon bayani ta ƙare. Gaskiya ne akwai wanda jikinsa ya riga ya ƙare, ko yaya aka yi sai ya sami gyambon. Amma wurin kirki shi ne zai fara kiran iyali ya nuna musu, ba sai sun gano da kansu ba.

Daga nan lissafi ya shigo, lissafin da ɗan firamare ma zai iya. A ce wuri yana da mutum 20 waɗanda ba sa iya juyawa, kuma juya kowane ɗaya da sake masa shimfiɗa yana cin minti 10. Zagaye ɗaya ya tashi minti 200 ke nan, alhali awa biyu minti 120 ce. Idan mai jinya ɗaya ce take kwana a wurin, ko waliyyiya ce ba za ta iya ba, balle a ce wani ya faɗi a banɗaki, wani ya shaƙe. Don haka tambayar da ta fi kowace nauyi ba ita ce ma'aikata nawa gare ku ba, domin za a haɗa da maigadi da direba da mai wanki a ba da adadi mai daɗin ji. Tambayar ita ce, mutum nawa ne suke kwana a farke daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba, kuma a cikinsu akwai mai takardar Majalisar Kula Da Aikin Jinya Da Ungozoma ta Nijeriya? Farar riga a kasuwa ake sayar da ita. Takardar kuwa tana da lamba, mai ita ba ya jin haushi don an ce ya nuna.

Sa'an nan a zo kan maganar gashi, wadda yawancin wuraren nan suke rubutawa da manyan baƙaƙe a allonsu. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, mafi yawan sauƙin da zai samu a cikin wata uku zuwa shida na farko yake samunsa. In aka bar shi kwance cikin wannan lokaci, gaɓoɓi suka ƙage, hannu ya lanƙwashe a ƙirji, to, an yi asarar da kuɗi ba sa mayarwa. Gashin asibiti kuwa ba shafa man zafi da matsa tawul mai ruwan zafi ba ne. Hasali ma ruwan zafi yakan ƙona ƙafar da ba ta ji, mai ita bai sani ba. Aiki ne na koya wa jiki zama da tsayuwa da taku daga farko, kuma akwai hukumar da Dokar Soja mai lamba 38 ta 1988 ta kafa domin yi wa masu wannan sana'a rajista. Sai a tambaya, wane ne likitan gashin, sau nawa yake zuwa a mako, minti nawa yake yi da kowane mutum?

Akwai wani ma'auni mai sauƙi da wasu ma'aikatan lafiya biyu suka wallafa a Amurka a 1965, ana kiransa ma'aunin Barthel, har yanzu kuma asibitocin duniya suna aiki da shi. Abubuwa goma yake dubawa, irin su cin abinci, da wanka, da sa tufafi, da shiga banɗaki, da tashi daga gado zuwa kujera, da tafiya, da hawa matakala, a ba kowanne maki, jimla ta tashi 100. Ba sai iyali sun san makin ba. Ya isa su sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, su rubuta abin da Baba yake iyawa ranar da aka kawo shi, su sake rubutawa bayan mako huɗu. Da ba ya iya zama, yanzu yana zama? Da ana ba shi a baki, yanzu yana riƙe cokali? Wurin da ya kira kansa gidan farfaɗo da majinyata, amma ba shi da irin wannan rubutu a kan kowane mutum, masauki ne kawai mai tsada.

Abinci da ruwa ba sa bukatar dogon bincike. A zo lokacin cin abinci a ga ko akwai mai zama ya ba wanda ba ya iya ci, ko kuwa ajiye kwano ake yi a dawo a ɗauke. Zoben da ya fara yawo a yatsa da busasshen leɓe sun isa labari. Haka kuma a nemi ganin littafin magani, musamman ga mai ciwon sukari da hawan jini.

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne shiru. Sai a shiga wuri da hantsi a tarar kowa yana barci, a ce kai, wurin nan akwai natsuwa. A yi hattara. Tsoho mai gigin tsufa yakan yi yawo, ya yi surutu, ya nemi matarsa da ta rasu shekara goma, ya ce sai ya tafi gona. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce kamar yadda ake yi wa wasu tsofaffin mata ƙazafi a ƙauyuka, kuma kula da mai shi sai da haƙuri da yawan hannu. Inda hannu ya yi kaɗan, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗura masa maganin barci, ko a ɗaure shi a gado da zane a ce don kada ya faɗi. Tsohon da aka kawo yana hira, bayan mako biyu ya koma sai gyangyaɗi da dalalar miyau, a tambayi abin da ake ba shi, da sunan likitan da ya rubuta.

Mutanen Kaduna ba sa bukatar a je nesa a kawo musu misalin abin da rufaffiyar ƙofa take haifarwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa da ake kira gidan gyaran hali, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabo. Ba gidan tsofaffi ba ne, gaskiya, amma abin lura shi ne iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, suna biyan kuɗi, suna zaton alheri suke saya. Abin da ya ba ɓarnar damar daɗewa shi ne ba a shiga sai da izini. Duk wurin da ya ce ba a ziyara sai an yi waya tukuna, ko ba a wuce falo, ko ba a keɓewa da majinyaci, ya riga ya faɗi jarrabawa.

Kada kuma a ce tsada ita ce shaida. A Faransa, a watan Janairu na 2022, wani ɗan jarida mai suna Victor Castanet ya fitar da littafi a kan kamfanin Orpea, ɗaya daga cikin manyan masu gidajen tsofaffi a Turai. Ya nuna yadda a wani gida na unguwar masu hali kusa da Faris, inda ake biyan dubban Yuro a wata, ake ƙididdige wa tsofaffi ƙunzugu da abinci domin riba ta ƙaru. Abin ya kai ga sallamar shugaban kamfanin, gwamnati kuma ta sa a binciki gidajen tsofaffi na ƙasar baki ɗaya.

Ƙasashen da suka riga Nijeriya shiga wannan matsala sun gane cewa ba a barin iyali su kaɗai da aikin awo. A Ingila akwai hukumar da ta fara aiki a 2009, mai aika sufetoci gidajen jinya, ta ba kowane gida ɗaya daga cikin daraja huɗu, daga mafi kyau zuwa wanda bai cancanta ba, kuma doka ta tilasta wa gidan ya kafe sakamakon inda kowa zai gani. A Amurka tun 2008 ake ba gidajen taurari daga ɗaya zuwa biyar, bisa rahoton sufetoci da yawan ma'aikata da halin da majinyata suke ciki. Tsarin nan ma bai tsira daga wayo ba, domin wani ɓangare na alƙaluman gidajen ne suke kawowa da kansu, kuma binciken da jaridar New York Times ta yi a 2021 ya nuna yadda wasu suke gyara su don su sami taurari. Ashe ko a can ɗin, abin da sufeto ya gani da idonsa ranar da ba a sa ran zuwansa ya fi takardar da mai gida ya cika.

A nan gida ba a ce ba a yi kome ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan a 2012, wadda aka sa wa sunan Cif Tony Anenih. A farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula Da Dattawa Ta Ƙasa, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ita ma ta ambaci tsofaffi cikin masu rauni da za a tallafa wa. Takardu dai sun samu. Sai dai takardar da ke Abuja ba ta juya tsoho a Sabon Tasha, ga shi kuma masu juyawar suna ta ficewa. A farkon 2024 magatakardan Majalisar Kula Da Aikin Jinya Da Ungozoma ya bayyana cewa ma'aikatan jinya kimanin 42,000 ne suka bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Ranar tsofaffi ta duniya ma, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar, ta faɗo ne a 1 ga Oktoba, ranar da fareti da jawabai suke cika gari, babu mai tunawa da ita.

Gidan jinyar tsofaffi yana da wata illa ta musamman a wajen hukuma. Shi ba asibiti ba ne cikakke, balle Ma'aikatar Lafiya ta ɗauke shi nata ita kaɗai, kuma ba gidan marayu ba ne, balle ma'aikatar jin daɗin jama'a ta ce nata ne. Abin da ke da iyaye biyu irin wannan shi ne yakan kwana da yunwa. Ya kamata Gwamnatin Jihar Kaduna ta fayyace ofishi ɗaya da zai riƙe rajistar duk wanda yake karɓar kuɗi don ajiye tsoho ko aika masa mai jinya, a tsayar da mafi ƙarancin ma'aikatan dare, a riƙa kai ziyarar ba-zata irin ta duba-gari na zamanin da, wanda ba ya aiko da saƙo kafin ya leƙa randa. A kafe sakamakon a bakin ƙofa da Hausa da Turanci, tare da lambar wayar da za a kai ƙara.

Kudancin jihar kuwa yana da kayan aikin farawa. A Kafanchan akwai Kwalejin Koyon Aikin Jinya Da Ungozoma ta jiha, wadda za ta iya buɗe gajeren kwas na 'yan watanni ga masu kula da tsofaffi, a ba su takarda, a raba su da 'yan aikin gida da ake sa wa farar riga. A 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Cibiyar Lafiya Ta Tarayya a garin. Tun ana shata sassanta ya dace wakilan yankin a majalisa su nemi a ware ɗakin tsofaffi da sashen gashi mai ma'aikata, domin mutumin Kwoi ko Zangon Kataf ya daina tallabo mahaifiyarsa tafiyar sa'o'i zuwa Kaduna saboda motsa hannu da ƙafa.

Kafin hukuma ta motsa, wanda tsohonsa yake hannun wasu a yau yana da abin yi a wannan makon. Ya tafi ba ranar Lahadi da yamma ba, lokacin da aka san baƙi suna zuwa. Ya tafi ranar Talata da ƙarfe tara na dare, ya ƙirga ma'aikatan da ya tarar, ya roƙi a ba shi wuri. In mace ce a sami 'yarta ko jikarta, in namiji ne ɗansa, a ce, "Baba, yi haƙuri, bari a ɗan juya ka," a ɗaga rigar, a haska fitila, a duba kwankwaso da dugadugai.